Tsaga a Ƙarƙashin Jar Mota

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Jiya da la'asar sakaliya ɗana Baffa ya shigo da motar ina alwala a tsakar gida. Da ya saki kuloci sai na ji wani "ƙwas" daga bayanta. Kunnen da ya ƙare ƙuruciyarsa a garejin gwamnati ba ya ƙarya. Yau da ya fita aiki ya bar ta a gida, na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashinta.

Inna lillahi. Difaranshal, tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya tana raba musu ƙarfin inji, da kunnuwa biyu take rataye a ƙasan but. Kunnen hagu ya fara yage ƙarfen da yake maƙale a jiki. Tsagar ta kai tsawon tafin hannuna, na zura farce ya shige. Na dama ma ya soma. Tayoyin baya kuwa sun suɗe har waya ta leƙo, tayoyin da na sa da hannuna bayan ƙaramar salla.

Hanyar ofis ba ta cin taya haka.

Na kira Godfrey, mai waldar da muke raba rumfa da shi a Dei-Dei. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Oga Manniru, wai kai ba ka sani ba? Duk Sunday suna can sabon titi da ba a buɗe ba, suna juya mota. Yaronka ne ogansu." Ya turo min bidiyo. Jar motata ce tana juyi a wuri ɗaya kamar akuya a turke, hayaƙi ya rufe ta, samari na ihu.

Motar da na saya hannun wani Bature mai barin ƙasa tun rabin Abuja na daji. Kujera biyu, dogon hanci. Ta girmi Baffa nesa ba kusa ba. Juma'a zuwa Juma'a nake fito da ita, ina tuƙa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ba shi ita da ya gama bautar ƙasa don ba ni da abin da ya fi ta.

Talata, 8 ga Yuli

Matsalar ita ce ba na magana da shi. Ba faɗa muka yi ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci, shi ya sa ake ce masa Baffa. A gidanmu a Ƙaraye uba ba ya zaman hira da ɗan fari. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kallon tsabar idona ba, ni kuma ban taɓa shakkar yana sona ba. Haka na tashi, haka na yi. "Ina kwana, Baba." "Lafiya." Shi ke nan. Sauran duk ta bakin uwarsa Hansatu yake bi. Ita ta daɗe da yar da tata kunyar, ta ce nan Abuja ne, in ba ta yi wa ɗanta magana ba waya za ta raine shi.

Na kasa cin abincin rana.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na lallaɓa da ita zuwa gareji a giya ta biyu. Na ɗora ta a kan ƙarafan tallafi, na cire tayoyin gaba ɗaya na kulle su a shago. Na ce wa Hansatu ta gaya masa mota ta mutu.

Ta dawo da amsa: "Baba ya san ba ta mutu ba."

To, ya sani. Ba zan gyara ba. Gyaran kwana kaɗan ne, na iya, ba zan yi ba. Ba zan ɗaura wa ɗana sirdi ya hau ajalinsa ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yana gida wuni guda. Ya kwanta a falo da waya, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Ni kam raina fari ƙal. Har na ƙara tuwo.

Lahadi, 20 ga Yuli

Bayan azahar wata baƙar mota mai kukan jaki ta tsaya a ƙofar gida. Ya fita da gudu, ko takalmi bai gama sawa ba. Hansatu ta ce abokinsa ne Wisdom, ɗan Bwari, tare suka yi makaranta.

Ashe mota na hana shi, ba wasan ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Wisdom ɗin ya kawo wa Godfrey baƙar motar, wai salansa ta saki. Yaro mai fara'a, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni. Da suka ɗaga ta na ce bari in leƙa.

Da ban leƙa ba.

Wurin da difaranshal ɗinsa ke rataye ya riga ya yage tuni, an kai wa wani na bakin titi ya like. Rodi ya sa. Rodin gini, irin wanda ake sayarwa nan bayanmu, ya lanƙwasa shi ya ɗiga walda a kan tsatsa kamar kashin kaji, sannan ya shafe da baƙin kwalta don kada a gani. Na sa sukurdireba na banƙara, ɓawon tsatsa ya zubo min a fuska.

Na ce masa, "Ɗana, wannan ba gyara ba ne. Ranar da ka taka ta da ƙarfi tukunyar nan za ta faɗo, tayar baya ta ƙame. Ajiye ta nan." Ya yi dariya, ya ce, "Daddy, tana riƙewa fa. Wata biyu ke nan, no wahala. In na samu lokaci zan kawo." Ya sake durƙusawa, ya shiga ya tafi.

Da ɗan wani na iya magana har da nuna yatsa. Da na koma gida na ce wa Hansatu ta gaya wa nawa kada ya ƙara shiga motar nan. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ba ka da baki ne?"

Ta dai gaya masa. Ya ce to.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ya tafi. "To" ɗin yaran yanzu ke nan.

Lahadi, 3 ga Agusta

Wisdom ya rasu.

Litinin, 4 ga Agusta

Jiya ban iya rubutu ba.

Ana kiran la'asar Godfrey ya bugo, yana magana Hausa da Turanci na cakuɗe masa. Na ji "accident", na ji "baƙin mota", ban ji sauran ba. Na tambaye shi wa ke ciki, ya ce bai sani ba. Daga gida zuwa asibitin Gwagwalada ban san yadda muka je ni da Hansatu ba. Ruwa ake tafkawa. Abin da na roƙi Allah a hanya ba zan rubuta shi ba, don roƙon ya faɗa kan ɗan wani ne.

Yadda na faɗa haka ta faru. Wisdom yana cikin juyi tukunyar ta tsinke, taya ta ƙame, motar ta daki bakin kwalbati ta kife. Baffa ne ya gama nasa zagayen da ita ya fito ya miƙa masa. Kujerar ma ba ta huce ba.

Na same shi a barandar asibiti, riga duk jini, ba nasa ba. Ya miƙe da ya gan ni. Na tsaya. Hannuna har ya ɗaga da kansa, na mayar da shi aljihu. Na juya na ce wa Hansatu, "A ba shi ruwa."

A ba shi ruwa. Abin da na iya ke nan.

Asabar, 9 ga Agusta

An binne shi a ƙauyensu bayan Bwari. Na je, na tsaya a wajen coci tare da sauran Musulmi. Gonakin masara sun kewaye maƙabartar, ƙasa jiƙe, ramin har ya tara ruwa sai da aka kwashe.

Uwarsa, Miriam, ta sa aka kira ni. Ƙaramar mace, hannunta duk kanta irin na mai noma. Ta ce, "Kai ne makaniki da ya ce masa kada ya hau?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ya gaya mini, yana dariya." Can ta ce, "Da ka riƙe key ɗin."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Gara ta zage ni.

Baffa yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Na ce a raina, to, an gama. Wanda ya ɗauki gawar abokinsa a kafaɗa ya ga abin da wa'azi ba zai nuna masa ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Sun yi taron tunawa da Wisdom. Da me? Da juya mota. A wurin da ya mutu. Baffa ya ari ta wani ya yi.

Ban san yaron nan ba. Wallahi ban san shi ba.

Talata, 19 ga Agusta

Godfrey ya ce an ga Baffa a Apo yana zagaya wata gawar mota da aka yi haɗari da ita, yana tambaya ko za a iya tayar da ita. Na san irin tayarwar. A miƙe shasi da wuta, a shafe da fenti, a ce bismilla.

Na zauna a benci ina kallon jar motar a kan ƙarafan tallafi, ƙura ta rufe ta, kaza ta fara kwana a ƙarƙashi. Ana gudun gara an faɗa gidan zago. Na hana shi wadda na san kowace kusa a jikinta, na tura shi ga waɗanda ban san wa ya taɓa su ba. In ba zai daina ba, kuma na ga ba zai daina ba, to gara ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya zama wanda hannuna ya ɗaure.

Na gaya wa Hansatu bayan magariba. Tana tsince shinkafa, ta ajiye tiren. Ta ce, "Gyara masa za ka yi?" Na ce ƙarfafawa zan yi. Ta ce, "Makara za ka ƙera masa, Malam, sai dai mai ƙwari." Na ce ta kawo wata dabarar. Ta ce, "Dabarar tana bakinka. Ka zaunar da shi, ka ce kai ubansa ne, ka ce kana tsoro. Ka yi kuka in ta kama. Ni na yi har na gaji, nawa ya zama ruwan sama a wurinsa. Naka ne bai taɓa ji ba."

Na ce ba a yi mana haka ba.

Ta ce, "Uwar Wisdom ma ba a yi mata haka ba." Ta ɗauki tirenta ta shige.

Alhamis, 21 ga Agusta

Mun fara. Salansa ta sauka, farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji baya, ta sauka. Muka tallafe tukunyar da jak muka sauke ta a hankali, nauyi kamar buhun siminti. Na ce sai an cire tankin mai kafin a kunna wutar walda. Godfrey ya ce a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu kawai, haka kowa ke yi. Na ce kowa ba ɗansa zai hau ba. Muka cire, muka kai shi can bayan shago.

Na ɗaye shimfiɗar but, na bi ƙarfen da giranda har ya yi fari. Abin da na gani da tocila ashe somin taɓi ne. Tsagar ta yi rassa, ta bi ƙarƙashin fenti ta nufi inda aka haɗa ƙasan but da shasi. Lahadi ɗaya ko biyu suka rage mata.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Godfrey ya miƙo min ruwan leda.

Asabar, 23 ga Agusta

Na huda ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba. Godfrey ya bi su ya cike. Tsohon ƙarfe ne, siriri, in wuta ta yi yawa sai ya ɓule. Ɗigo nan, a tsallaka, ɗigo can, a jira ya huce. An ɗauke wuta sau ba adadi, janareta na tari. Bayana kamar an sassara.

A gida Hansatu ta ajiye min abinci ta rufe, ta tafi ɗakinta. Ba sannu.

Talata, 26 ga Agusta

Na yanka kwali daidai da siffar wurin, na shiga kasuwa na zaɓo farantin ƙarfe mai kauri, sabo, ba na kwance ba. Biyu za a sa kowane gefe, ɗaya ta cikin but ɗaya ta ƙasa, tsohon ƙarfen a tsakiya, sannan a miƙa su har su kama shasi ta hagu da dama. Nauyin ya bar wuri ɗaya ya bazu.

Godfrey yana buga farantin a kan maƙera ya ce, "Oga, ka san abu ɗaya. In ka ba wannan wuri ƙarfi, ƙarfin ba ya mutuwa. Zai tafi ya nemi wani wuri ya karya."

Na sani. Na fi shi sani. Ban so ya faɗa ba.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ina kwance a ƙarƙashi ina fama da faranti, hannu ɗaya na riƙe, ɗaya na lalubar matsi, sai na ga takalmin ofis a gefen motar. Baffa ya durƙusa, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya shigo ya tallafe ɗaya gefen. Ba wanda ya kira shi.

Kafaɗarsa na taɓa tawa. Rabon da in kusance shi haka tun yana zanin goyo, shi ma a ɓoye, in ba kowa a ɗakin.

Na ce, "Godfrey, a ce ya ɗaga kaɗan." Ya ɗaga. Na ce, "Godfrey, a ce ya kawar da ido, za a kunna wuta." Godfrey ya ture gilashinsa sama ya ce, "Oga, abeg, yana jinka. Ni mai walda ne, ba tafinta ba."

Ba wanda ya yi dariya. Har muka gama gefen hagu ta bakin Godfrey nake magana, shi kuma ya daina isarwa.

Da zai tafi ya tsaya ya ce, ba ni yake kallo ba, motar yake kallo, "A ciki ne kaɗai kaina yake yin shiru." Ban gane ba. Ban tambaya ba.

Talata, 2 ga Satumba

Gefen dama ya kammala. Na bi kowane layin walda da guduma ina saurare. Na shafa jan fenti mai hana tsatsa, ban sa kwalta ba, ina so in riƙa ganin ƙarfen. Sababbin robobi a kunnuwan. Na canza kusoshin duka. Tunda na shiga, na duba birki, na duba ƙafafun baya, na canza bel ɗin kujera da ya tsufa.

Aiki ya yi kyau. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, kuma ban taɓa ƙin aikin hannuna kamar wannan ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Hansatu ta yi magana yau. Ta ce ranar da aka kira ta asibiti, kada in zo kusa da ita.

Asabar, 6 ga Satumba

Tanki ya koma, tukunya ta koma, tayoyi sun koma. Muka sauke ta ƙasa, sai da ta zauna da nauyinta sannan na ɗaure kusoshin ƙarshe.

A garejin da na koyi aiki akwai ƙa'ida: wanda ya taɓa ƙarƙashin mota shi ke fara shiga. Kuma walda ba a gwada ta da tafiyar masallaci, sai an ɗora mata irin nauyin da za ta ɗauka. Ni ban iya abin da suke yi ba. Don haka da hantsi na zauna a kujerar gefe, na bar masa sitiyari. In za ta tsinke, ta tsinke ina ciki.

Ya kai mu titin. Fili fetal, ba kowa, kwalta duk zanen baƙin taya. Na ga kwalbatin, gefensa a fashe, wani ya ajiye furannin roba. Ya tsaya nesa da shi, inji na kaɗawa, hannunsa a kan giya. Yana jira. Ba Godfrey, ba Hansatu.

Na ce, "Taka."

Ya juyo ya dube ni. Na ce, "Taka, Baffa."

Ban san motar nan ba. Tun kafin a haife shi take hannuna, ban taɓa jin wannan muryar tata ba. Bayanta ya fice, duniya ta karkace, duwatsun can nesa suka wuce ta gabana suka sake wucewa. Na kasa kunne ina jiran "ƙwas". Babu. Ƙarfe ya riƙe gam. Na saci kallonsa. Fuskarsa a sake, ba tsoro, ba fushi, hannuwansa na tafiya a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ban taɓa ganin ɗana cikin natsuwa irin wannan ba.

Da ya tsaya, hayaƙi na shigowa ta taga, na ce, "Sake."

Don in ƙara sauraren gefen dama ne. Shi ne dalili.

A zagaye na biyu na ji wani yana dariya a motar. Mu biyu ne a ciki, kuma ba muryar Baffa ba ce.

Na shiga ƙarƙashi nan take a kan kwalta mai zafi, na bi waldar da yatsa. Ko gezau. A hanyar dawowa na shirya maganar da Hansatu ta ce in yi, na jera ta a raina tun daga farko, har na buɗe baki. Sai na ga ba ni da ita. Da jiya ne da na iya cewa ban ga abin da yake samu a ciki ba.

Hansatu tana tsaye a ƙofar kicin muka shigo. Ta ce, "Ya riƙe?" Na ce ya riƙe. Ta daɗe tana kallona, ban san me ta gani ba, ta juya.

Makullin yana hannunsa. Gobe Lahadi.